Ƙofar Da Na Liƙe Wa Babana

Masu bibiyata, ku yi haƙuri da duk kuskuren da za ku gani a rubutun nan. Ba da yatsa nake bugawa ba, magana nake yi wa wayar tana rubutawa, don har yanzu idanuna ba sa son haske. Ku kuma da kuka cika mini waya da tambayar ko an fasa aurena da Tela, ku gyara zama. Abin ya wuce maganar aure.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ce auta a gidan mai walda. Shagon Babana da na Kafinta bango ɗaya ya raba su tun kafin a haife ni, kuma coci ɗaya muke zuwa. Bencin da muke zama a kai Kafinta ne ya yi, ƙofar cocin kuma Babana ya ƙera. Kowa ya san tartsatsin walda da garin katako ba sa shiri, amma shekara da shekaru suna zaune, iyakarta ɗan cacar baki. Sai ranar da Yayana ya fito da aiki bakin shago ana iska, kafin a ce me, shagon Kafinta ya kama. Ba a rasa rai ba, amma injuna da katako da gadajen mutane da aka riga aka gama duk sun zama toka.

Yaya ya rantse ba shi ba ne, wayar lantarkinsu ce ta daɗe da lalacewa. Ɗan Kafinta, wanda kowa ke kira Dogo, bai tsaya jin rantsuwa ba. Shi da abokansa suka ritsa Yaya a bayan shago suka yi masa dukan kawo wuƙa da katako mai ƙusa. Ƙusar ta tsaga masa kunci tun daga gefen ido har haɓa. Ni na wanke rigar da aka kawo shi a ciki, ruwa yana ta fita ja har na daina canzawa na zauna na yi kuka.

Ranar Asabar Tela ya kawo mini rigar da ya ɗinka mini, shuɗiya mai duhu, doguwa har idon sawu, da ƙananan fararen furanni da ya jera da hannu a bakin wuya. Tela siriri ne, ba ya ɗaga murya, shi ya sa Yaya ya sa masa suna Allura. Ya durƙusa ya gaida Baba a falonmu, inda komai ƙarfe ne, kujera, tebur, har ma'ajiyar takalma. A gidanmu in ka yi tuntuɓe da kujera kai ne za ka ba ta haƙuri.

Baba bai amsa gaisuwar ba. Ya ce, "Tela, ka ce kana son 'yata?"

"Haka ne, Baba."

"To mai son 'yar gida ɗan gida ne. Dubi fuskar ɗan'uwanka. Gobe in an tashi daga coci za mu je mu gaida Dogo. An ware maka rodinka."

Ina bayan labule, rigar na hannuna. A raina ina cewa, ka ce to, don Allah ka ce to kawai.

Tela ya ce, "Baba, in gaisuwar baki ce, ni zan shiga gaba. Amma hannuna ba zai ɗauki rodi ba."

Yaya ya yi dariya da rabin bakin da ɗinki ya bar masa. "Ai na faɗa muku. Allura me take ɗauka in ban da zare?"

"Baba, ka gafarce ni," in ji Tela, kansa a ƙasa. "Kai dattijon coci ne. A bakinka na fara jin cewa wanda ya ce shi na Yesu ne, an kira shi ya shiga tsakani ya sasanta, ko da shi ne zai sha wuya. Ban manta ba."

Kofin shayin Baba ya wuce ta gefen kunnen Tela ya tarwatse a bango.

"A cikin gidana za ka yi mini wa'azi? Tashi ka fita! In gobe ban gan ka a bayana ba, kar in ƙara ganin ka a ƙofata."

Ko kwanar layinmu bai sha ba na tura masa saƙo.

"Da ka ce to kawai, gobe sai ka ƙi zuwa."

"In fara zama da ke a kan ƙarya?"

"Sun ce kai matsoraci ne."

"Ina jin tsoro kam. Ki sa rigar gobe, ina so in ga yadda kafaɗar ta zauna."

Na wurgar da wayar a kan gado. Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, na ji kunyarsa. Ni ma so nake in ga jinin Dogo a ƙasa. Na yi addu'a kafin in kwanta, amma sunan Dogo da ya zo bakina sai na tsallake shi.

Da safe na sa rigar. Kafaɗar ta zauna kamar a jikina aka haife ta, abin da ya ƙara mini haushi ke nan. A coci mu muna dama, su Kafinta suna hagu, tsakaninmu hanyar wucewa. Fasto ya san abin da ke tafasa, don haka ya yi ta magana a kan sulhu har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ce mai sulhu ba mai tsayawa gefe yana cewa ku yi haƙuri ba ne, mai shiga tsakiya ne, kuma tsakiya nan duka ke sauka. Kowa ya ce amin. Babana ma ya ce amin, da ƙarfi kuwa. Da aka ce a juya a miƙa wa juna hannun salama, sai ya zura nasa a aljihu, Kafinta kuma ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ashe Yaya ya ɓoye rodi a bayan motar Kawu, ƙanin Baba. Muna fitowa, mata na ta gaishe-gaishe a bakin titi, sai na ji ihu. Yaya ne a guje da rigar cocinsa, rodi a sama, ya nufi Dogo da ya ba shi baya yana tayar da babur. Da rodin nan ya sauka inda aka nufa, da ƙeyar Dogo ta rabe biyu.

Ban ga daga inda Tela ya fito ba. Na dai ga hannu ya shiga tsakani, sai ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen icce. Tela ya zube a gwiwa. Hannunsa na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa, yatsu biyu sun fashe, jini na ɗiga a kan farin takalminsa. Bai yi ihu ba. Ni na yi masa.

Wuri ya hargitse. Dogo ya juyo ya kai wa Yaya naushi a kan ɗinkin, ɗinkin ya buɗe. Kawu ya ɗauki dutse, wata tsohuwa ta faɗi aka bi ta kanta, yara na kuka, maza na rirriƙe juna. Da ƙyar aka janye su. Dogo yana kan babur yana nuna mu da yatsa.

"Ku jira ni a shagonku! Yau za ku san yadda wuta take!"

"Kar ka wahalar da kanka," in ji Baba. "Mu za mu zo har gida."

Ana ɗaga Tela za a sa a motar Fasto, ya kamo gefen rigata da hannun hagu. Leɓensa ya yi fari fat.

"Auta, kar ki biyo ni. Kar ki bari su fita."

"Ni? Ta yaya? Wa zai ji maganata?"

"Ban sani ba. Kar dai su fita."

Motar ta tafi da shi, ta bar ni da tabon yatsunsa a jikin riga.

Ban je gida ba, shago na nufa. Layin shagunan tsit, ranar Lahadi ce, kowa ya rufe. Tun daga nesa na ji kukan injin yankan ƙarfe. Baba da Yaya da Kawu suna ciki suna fere bakin rodi, sun jawo ƙofar don kar mai wucewa ya gani. Shagon Baba ba shago ba ne, akwatin ƙarfe ne. Ƙofa ɗaya ce mai ganye biyu, sai wata 'yar taga a sama da ya gitta wa rodi, kuma kullum yana alfahari ko ɓera bai taɓa shigar masa ba. Janareta da injin walda kuwa a waje suke ƙarƙashin rumfa, saboda hayaƙi.

Na tsaya ina kallon injin. Tun ina ƙarama Baba yake ɗora hannunsa a kan nawa yana koya mini ɗiga walda, Mama na faɗa wai zai ɓata wa 'ya mace hannu. Ban iya jan dogon layi mai kyau ba, amma na iya liƙe ƙarfe biyu. Gilashin kare ido yana ciki tare da su. Na ce, Yesu, ka ga dai ba ni da wata dabara. Na maƙala wayar injin waldar a jikin ƙofa, na sa sandar walda, na kai ta inda ganyen biyu suka haɗu.

Hasken ya dake ni kamar mari. Baba ya sha gaya mini ko da wasa kar in kalli wutar walda da ido tsirara, amma in na kau da kai hannuna kaucewa yake, don haka na buɗe ido na kalla. Na liƙe sama, na liƙe tsakiya, na durƙusa na liƙe ƙasa, na dawo na ƙara. Tartsatsi na zuba a kan rigar Tela yana huda ta, ina jin yana cizon cinyata. Ƙarar injinsu ta rufe tawa, sai da na kusa gamawa suka lura da walƙiya ta ƙasan ƙofa.

"Wane ne a nan?"

Aka tura ƙofar. Ko motsi.

"Baba, ni ce."

"Auta? Me kike yi? Ke! Buɗe ƙofar nan!"

"Ba ta buɗuwa, Baba. Na liƙe ta."

Na ji Yaya ya ce a miƙo masa injin yanka. Na ruga na kashe janareta, na zare wayar da ta shiga ciki na jefar a kwata. Sai duka ya fara. Guduma, rodi, ƙafa, ƙofar na rawa amma waldar ta riƙe. Yaya ya zage ni zagin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Baba ya ce in ya fito sai ya karya ni. Na jingina da ƙofar, kowane bugu na ratsa bayana, ina kuka ina jin daɗi, don a ganina na gama aikin. Na kira Fasto, ba a ɗauka ba.

Can sai na ji babura.

Dogo ne a gaba, abokansa a baya da katako da sanduna, Kafinta a bayan ɗaya daga cikinsu. Idona ya riga ya fara ganin komai da ɗigon kore, amma na gane abin da ke hannun Dogo. Jarka ce.

Jama'a, a nan na gane kuskurena. Na yi tunanin hana su fita, ban yi tunanin masu zuwa ba. Da hannuna na rufe ubana da yayana da kawuna a cikin akwatin ƙarfe, ga mutum ya zo da fetur.

"Matsa," in ji Dogo.

"Ba zan matsa ba."

Ya ɗauke ni da mari har ɗankunnena ya fita. Ya finciki gashina ya watsar da ni gefe, gwiwata ta daki kankare. Na rarrafo na dawo na rungume mariƙin ƙofar da hannu biyu. Wani ya maka mini katako a kafaɗa. Dogo ya buɗe jarka ya fara watsawa, a ƙofa, a ƙasa, a kaina. Fetur ya shiga bakina, ya bi wuyana, ya sami wuraren da tartsatsi ya ƙone. Yana gangarawa ta ƙasan ƙofa, dukan da ake yi daga ciki ya tsaya cak. Sun ji warin.

"Ku fito, matsorata!" Dogo na ihu. "Kun turo mace ta tsare muku ƙofa?"

Muryar Babana ta fito ta 'yar tagar, irin muryar da ban san yana da ita ba. "Auta, gudu! Ki bar mu, ki gudu!"

Na ji ƙarar kwalin ashana.

Ban yi magana da Dogo ba, na san ba ya ji. Na juya inda nake ganin inuwar tsohon.

"Baba Kafinta! Ba za su iya fitowa ba. Ni na liƙe ƙofar, don kar su je gidanka. Zo ka taɓa ka ji. Ba faɗa za ku yi ba, mutum uku za ku gasa da ransu, ni ce ta huɗu, don ba zan saki ƙofar nan ba."

"Ƙarya take!" in ji Dogo.

"Baba Kafinta, kai ka yi mini ɗan bencin da nake hawa in kai allo a ajin yara. Yau hannu ɗaya ya riga ya tafi saboda ƙeyar ɗanka. Bai isa ba?"

Tsohon ya tako a hankali, takalminsa na taka fetur. Ya sa yatsa ya bi waldar daga sama zuwa tsakiya, da sauran ɗuminta. Ya daɗe yana shafawa.

"Wannan ba aikin ubanki ba ne," ya ce. "Ubanki ba ya ƙazamar walda haka."

Ya juya ya miƙa wa ɗansa hannu. "Kawo."

"Baba, sun ƙone mana..."

"Na ce kawo! Yaron da ya tare maka rodi yana asibiti, kai kana nan za ka cinna wa matar da zai aura wuta? Sai dai ka haɗa da ni." Sai ya juya ya jingina bayansa da ƙofar, kafaɗarsa na gogar tawa, fetur na jiƙa masa rigar coci.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai ji kwalin ashanar ya faɗi ƙasa, na ji Dogo ya harba jarkar da ƙafa yana kuka kamar ƙaramin yaro, na ji babura suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Kafinta ne ya ɗebo ruwa ya yi ta kwarara wa ƙofar da ni, har warin ya ragu, sannan ya tafi. Sai da yamma aka samo wani mai walda ya yanke ƙofar. Yaya ya fito ya tofa yawu a gabana. Baba ya wuce ni kamar bai ga mutum ba, kuma wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Gari ya waye ban iya buɗe ido ba. Kamar an cika su da yashi mai zafi, hawaye na zuba ba tsayawa. Mama ta rufe labule ta ɗaure mini fuska da tsumma, ta kunna mini saƙon murya daga Tela. Ya ce an yi aiki a hannun, likita bai yi alkawarin yatsun za su sake riƙe allura ba. Sannan ya ce, "An ce kin ɓata mini riga. Kafaɗar dai ta zauna?" Na yi dariya, na yi kuka, duka biyun suka ƙara mini zafin ido.

Mama na fita sai na ji wani ya shigo, gadon ƙarfen ya yi ƙara da nauyinsa. Aka kwance tsumman, aka ɗora mini wani abu mai sanyi a kan kowane ido. Yankakken ɗanyen dankali ne, abin da masu walda ke sawa in wuta ta dake su. Yatsun da suka danna shi kaushi gare su, duk tabon ƙuna. Na san su.

"Sau nawa na ce miki kar ki kalli wuta?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

Ya gyara dankalin a kan idona.

"Kafinta yana ƙofar gida," ya ce. "Shi kaɗai, hannunsa ba komai. Tun ɗazu yake tsaye." Ya ƙara da cewa, "Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane maganar sulhu, Auta, amma ban san yadda ake farawa ba. Tashi ki raka ni."

Na ɗaure idona na tashi. Ni da ba na gani, ni ce a gaba, ina lalube bango da hannu ɗaya, ɗayan na cikin hannun Babana, yana bina kamar yaron da za a kai makaranta. Mun wuce falo, na ji iskar tsakar gida a fuskata, har na ji tarin Kafinta a bayan ƙofa.

Sai ƙarar ƙarfe a bayanmu, ana jan sa a kan siminti, ƙiii, yana matsowa. Hannun Baba ya matse nawa.

Na saki bango na juya wajen ƙarar, na miƙa tafin hannuna a cikin duhun da nake.

"Yaya," na ce. "Ba ni."

Ƙarar ta tsaya. Ina jin hucinsa a goshina, da warin maganin da aka sa masa a kunci. Sai sanyin rodin ya taɓa tafin hannuna, ta bakin da aka fere. Na damƙe shi da duk ƙarfina.

Shi ma bai saki ba.